Hanjin Talaka da Rigakafin da Ake Haɗiyewa

Zazzaɓin taifot da kwalara ta baki suke shiga jiki, saboda haka masana suka ga dacewar a tare su tun daga hanji. Wannan ne tushen rigakafin Ty21a, wanda aka samar a Suwizalan a shekarun 1970 daga ƙwayar taifot da aka raunana ta har ta kasa haddasa cuta. Idan mutum ya haɗiye shi, ƙwayoyin sukan ratsa bangon ƙaramin hanji zuwa tarin ƙwayoyin garkuwa da ke kwance a wurin. Ƙwayoyin garkuwar kuma sukan zaga cikin jini su komo hanjin, suna fitar da sinadarin kariya mai suna IgA, wanda ke hana ƙwayar cuta manne wa bango.

Sai dai sakamakon ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Iskandariyya ta Masar, gwajin da aka fara a 1978 ya nuna kariya kusan kashi 96 cikin ɗari. A Santiyago ta Chile, kafso uku sun ba da kashi 67, a Indonesiya kuwa bai kai haka ba. Na kwalara, CVD 103-HgR, wanda Amurka ta amince da shi a 2016 don matafiya, ya kasa taɓuka abin kirki a babban gwajin Jakarta. Ra'ayina shi ne, laifin na yanayin hanjin da ke karɓar rigakafin ne. Yaron da ya tashi da gurɓataccen ruwa, tsutsar ciki da tamowa, hanjinsa kullum a kumbure yake, kuma cike da wasu ƙwayoyin da ke danne ƙwayar rigakafin kafin ta hayayyafa. Shaida kuwa, a Ekwado an ba yara maganin tsutsa kafin rigakafin kwalara, garkuwarsu ta ƙara amsawa.

Wani zai ce a koma ga allura kawai, tunda sabuwar allurar taifot tana aiki ko ga jarirai, alhali kafso ba ya haɗiyuwa ga ƙananan yara. A kan taifot wannan hujja tana da ƙarfi, domin ƙwayarsa takan shiga jini. Kwalara fa? Ita a hanji take zama ta zuba dafinta, kuma allura ba ta cika tayar da garkuwar wurin ba. Don haka duk rigakafin baki da za a kawo Kano ko Damagaram, a fara gwada shi a kan yaran da ke shan ruwan wurin.