Sababbin Bairas a Jikin Sauro: Tazarar da ke Tsakanin Ganowa da Tantancewa

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar dabarun gano bairas a jikin sauro daga 1948 zuwa yau. Ta nuna cewa dabarar da ke hannun masu bincike ita ke yanke irin bairas da za su gani, kuma a yanzu ganowa ta yi wa tantancewa fintinkau.

1.0 Gabatarwa

A 1948 aka fitar da bairas ɗin Zika daga sauron Aedes africanus a dajin Zika na Yuganda, shekara guda bayan samunsa a jinin biri. An daɗe ba a ɗauke shi a bakin komai ba, sai da ya ɓarke a Burazil a 2015, aka riƙa haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna. Ashe sanin sunan bairas daban, sanin halinsa daban.

2.0 Dabarun Ganowa

A da, akan niƙa sauro rukuni-rukuni, a tace ruwan, a yi allurarsa cikin ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye, sannan a zuba ido a ga wanda zai shanye ko ya mutu. Irin wannan dabara ce ɗakin binciken bairas na Jami'ar Ibadan ya yi aiki da ita a shekarun 1960. Rauninta shi ne, duk bairas ɗin da ba ya taɓa ɓera ya tsere wa mai bincike.

A 1975 Stollar da Thomas suka ci karo da wani bairas, CFAV, cikin tantanin halittar sauron Aedes aegypti da ake reno a ɗakin gwaji, wanda ba ya hayayyafa sai a jikin ƙwaro. Danginsa suka biyo baya: Kamiti River a Kenya, da Culex flavivirus a Japan. Yanzu kuwa na'ura ke karanta duk RNA da ke cikin samfur, ba sai an yi renon bairas ba. Ta haka wani mai bincike mai suna Shi da abokan aikinsa suka bayyana sababbin bairas 1,445 daga halittu marasa ƙashin baya a 2016.

3.0 Tantancewa

Jerin RNA yana nuna dangantaka, amma ba ya amsa tambayoyi uku: shin bairas ɗin na hayayyafa a tantanin dabba mai ƙashin baya? Yana isa ga yawun sauro? Akwai alamar garkuwarsa a jinin mutane ko dabbobi?

Bairas ɗin Eilat ya isa misali. An same shi a sauron Anopheles coustani a hamadar Negev, kuma ɗan dangin bairas ɗin chikungunya ne. Sai dai da aka tantance shi a 2012, an tarar yana hayayyafa a tantanin sauro, amma ya gaza a na dabbobi. Wannan gazawa ce ta ba da damar ɗora masa rigar chikungunya domin gwajin rigakafi. Haka kuma an ga bairas ɗin Palm Creek na Ostareliya yana daƙile hayayyafar bairas ɗin West Nile a tantanin sauro. Da a ce da jerin RNA kaɗai aka dogara, da ba a san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

4.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar a riƙa adana wani kaso na kowane samfur cikin matsanancin sanyi domin reno, a gwada shi a tantanin C6/36 na sauro da na Vero na biri, sannan a haɗa da gwajin jinin mutane da dabbobin yankin da aka kama sauron, kafin a yanke hukunci a kan haɗarinsa.