Lambar QR Ko Gajeren Adireshin Intanet: Wanne Ya Dace A Buga?

Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro lambar QR a 1994. Kyamarar waya na karanta ta nan take, ko da wani ɓangarenta ya ɗan goge. Ta dace da katin kasuwanci, rasit da kwalin kaya, muddin faɗinta ya kai kimanin santimita 2.

Gajeren adireshi, irin na Bitly, ya fi amfani a allon talla na bakin titi, inda mai wucewa haddacewa kawai zai iya. Sai dai ransa na hannun kamfanin da ya gajarta shi. A Agustan 2025 Google ya kashe adiresoshin goo.gl da aka daina buɗewa, alhali takardar da ta fito daga maɗaba'a ba ta gyaruwa. Lambar QR da ke ɗauke da irin wannan adireshi ita ma tare suka mutu.