Zargin Auren Jinsi a Siyasarmu: Waiwaye Adon Tafiya

Duk wanda ya san ƙasar Kano ta arewa, wato su Bichi da Dambatta da Makoɗa da Tsanyawa, ya san gari na jikin gari, gona na jikin gona. Maganar da aka yi a kasuwa da hantsi, kafin la'asar ta shiga zauruka da masallatai. A irin wannan wuri suna shi ne jarin ɗan siyasa, kuma ba abin da ke cinye jarin nan da sauri kamar a ce mutum ya saba wa addini.

Wannan makami ba sabo ba ne. Bayan kafa NEPU a 1950, abokan hamayya sun riƙa yi wa mabiyan Malam Aminu Kano fenti da cewa ba sa ganin girman sarakuna da na addini, balle da suka nemi a bai wa mata ƙuri'a. Da yawansu sun sha ɗauri a kotunan alƙalai. Matan Arewa kuwa ba su sami 'yancin zaɓe ba sai 1976. A zamaninmu makamin ya sake kube, ya koma zargin goyon bayan auren jinsi.

Abin lura shi ne majalisunmu ba su taɓa yin dokar kare masu wannan hali ba. Dokokin hani suka yi. Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta kai ƙudurin hana auren jinsi majalisa, bai kai labari ba. A Oktoban 2011 Firayim Ministan Ingila, David Cameron, ya yi barazanar rage agaji ga ƙasashen da ke hukunta 'yan luwaɗi. Wata guda bayan haka Majalisar Dattawa, ƙarƙashin David Mark, ta zartar da ƙudurin. Ta Wakilai ta bi sahu a 2013, Shugaba Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu tallafa wa ƙungiyoyinsu. Ke nan ko ɗan majalisa na da ja a kanta, ya san buɗe baki daidai yake da sallama da kujerarsa.

Tun da ba a sami mai goyon baya a fili ba, sai aka koma jifa da zargi. A yaƙin zaɓen 2015 ɓangaren Jonathan ya yi iƙirarin cewa Janar Buhari ya yi wa ƙasashen Turawa alkawarin soke dokar. Talakawan Kano ba su saya ba, suka ba shi ƙuri'a kusan miliyan 2, domin sun riga sun yanke hukunci a kan halinsa.

A 2024 kuwa abin ya kama. A watan Yuni Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Samoa da Tarayyar Turai. Jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa akwai batun auren jinsi a ciki. Nan da nan aka ɗauka a wa'azi da rediyo da wayoyin hannu. Ɗan majalisa mai wakiltar Dala, Aliyu Sani Madaki, ya jagoranci ƙudurin neman dakatar da yarjejeniyar. Daga baya hukumar sauraren koke kan 'yan jarida ta gano rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta nemi afuwa. To amma magana zarar bunu ce. Zargin ya shiga ƙauyuka a guje, gyaran ya biyo shi yana ɗingishi.

A nan nauyi ya hau kanmu, mu marubuta. Manomin Kunci ba zai karanta yarjejeniya mai ɗaruruwan shafuka da Ingilishi ba, abin da muka fassara masa shi zai ɗauka rumfar zaɓe. Kowane ra'ayi mutum ke da shi kan wannan batu, addini da al'ada duka sun hana ƙazafi. Kafin mu ɗora alƙalami kan sunan wani, mu nemo takardar mu karanta da idonmu.