Tukunyar Kirsimetin Mama da Kwanuka Goma Sha Huɗu: Tarihin Kaduna Daga Kicin

Idan kun ji muryata ta ɗan dushe yau, ku yi haƙuri, ƙurar hunturu ce da ta kicin suka haɗu mini. Yanzun nan na baro gidanmu a Unguwar Rimi, inda Mama ta tsare ni tun safe da aikin da take sa mu duk farkon Disamba, wato gyaran kicin saboda Kirsimeti. A cikin aikin ne na ga abin da ya sa na ajiye maudu'in da na shirya, na ɗauko wannan.

Ga yadda abin yake a gidanmu. Ranar farko sai a fitar da komai tsakar gida. A ɗaura tsintsiya a gora a kakkaɓe yana da kunkunniyar da hayaƙi ya tara a rufi. A wanke kanta, a zazzage buhuna a duba ko ƙwari sun shiga wake. A duba tukunyar gas, a sayi gawayi, a gyara murhun waje, don girkin biki ya fi ƙarfin gas. Sai kuma a sauko da babbar tukunya daga saman ɗaki. Ƙirar Panteka ce ta Tudun Wada, irin wadda maƙera ke narka tsohon alminiyom su zuba, kuma ta girme ni. A dirje ta da toka da soson ƙarfe har ta yi fari.

A cikin tukunyar nan Mama ke ajiye kwanukan samira masu murfi. Na ƙirga su yau, goma sha huɗu ne, kowanne da ɗigon jan farce a gindinsa don kada ya ɓace a gidan mutane. Na ce, Mama, nawa za a wanke? Ta ce, wanke huɗu, sauran ka mayar. To, kun ji tambayar shirinmu na yau: ina gidaje goma suka tafi?

Kafin mu amsa, bari mu ga yadda aka yi har suka kai goma sha huɗu. Kaduna gari ne da aka kafa da gangan. Gbagyi ne a wurin tun asali. Layin dogo ya ratsa nan ya isa Kano a 1911, sannan a 1917 Turawa suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A shekarun 1920 layin gabas ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da na nan. Sojoji, akawu, leburorin jirgi, masu dafa wa Turawa abinci, 'yan kasuwa, kowa daga wani wuri ya zo. Ku duba sunayen titunan cikin gari: titin Legas, titin Abeokuta, titin Ibadan, titin Kano, titin Katsina, titin Jos. Manyan majami'un garin ma, St. Michael ta Angalika da St. Joseph ta Katolika, duk a arewacin kogi suke har gobe. Kakana aikin reluwe ya kawo shi daga kudancin jihar nan, kuma da Hausa yake addu'a, don tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Daga baya masana'antu suka ƙara cika garin. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Ma'aikatan nan ina suke kwana? Gidan haya. Ɗakuna jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ko famfo ɗaya, kicin ɗaya ko murhu kusa da murhu. Matar Bakano na tuƙa tuwo, matar Bajju na dama gwate a gefenta, ta Bayarabe na soya manja. A irin wannan zama ba yadda za a yi ka soya kaza ɗan maƙwabci yana tsaye yana kallo ka hana shi. Kaka ta ce daga nan dokokin kicin ɗinmu suka samo asali.

Dokokin kuwa su ne waɗannan. Na ɗaya, kajin Kirsimeti ba namijin gidanmu ke yanka su ba. Ni ake ba wa, in rungume su in kai wa Malam na bakin masallacin layinmu ya yanka, sannan in dawo da su a fige. Na biyu, idan an yi watanda, wato an haɗa kuɗi an sayi sa an raba, daga Zangon Tudun Wada ake sayowa, kuma mahauci Musulmi ke yankawa. Na uku, babbar tukunyar nan ba ta taɓa ganin abin da Musulmi ba ya ci ba, ludayinta ma daban yake. Na huɗu, abin sha na rabo zoɓo ne da kunun zaƙi da na aya, ba abin da ya kwana ya yi tsami. Wato tun daga sharar farko, ana shirya kicin ɗin ne da tunanin mutanen da ba su ne ke bikin ba. Su ma idan Babbar Sallah ta zo, cinyar rago ke shigowa gidanmu, Ƙaramar Sallah kuma tuwon shinkafa da miyar taushe.

Ita kanta shinkafar Kirsimeti tana da nata tarihin. A ƙauyen su Kaka acca da dawa ne abincin yau da gobe. Shinkafa kuwa sai biki. Ba baƙuwa ba ce a yankinmu, don akwai irin shinkafar da aka fara nomawa a Afirka ta Yamma a kwarin kogin Neja tun kafin zuwan Turawa, amma mai tsada ce ga lebura. Sai a shekarun 1970, da kuɗin mai suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, shinkafar waje ta cika kasuwa, ma'aikaci ya fara iya sauke buhu a gida. Tumatir da barkonon da muke markaɗawa asalinsu daga nahiyar Amurka suka zo. Dafa-dukan da ake kira jalof, sunan daga daular Jolof ta ƙasar Senegal ya fito. Fulawar cincin kuwa akasarin alkamarta a jirgin ruwa take zuwa. Kun ga kwano ɗaya, duniya guda a ciki.

To, mu koma ga gidaje goman nan. A ranar 21 ga Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna kan batun ƙaddamar da shari'ar Musulunci, lokacin Ahmed Makarfi na gwamna, aka sake wani a watan Mayu. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta ce aƙalla 2,000 ne. A Nuwamban 2002 aka sake yin wani kan rubutun da wata jarida ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka rasa mutum kusan 250. Bayan zaɓen Afrilun 2011 aka kuma. Kowane karo sai motocin kaya su yi ta ratsa gada. Kiristoci suka bar Rigasa, Tudun Wada, Unguwar Sanusi da Kawo, suka koma Sabon Tasha, Narayi, Romi da Gonin Gora. Musulmi suka baro Television da Romi da makamantansu suka hauro arewa. Mutane suka yi musayar gidaje, wasu suka sayar a wulaƙance. Har aka riƙa kiran gefe ɗaya Makka, ɗayan Urushalima. A tsakanin nan masaƙun da ke haɗa mutane a wurin aiki suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007.

Ina ɗan shekara uku a 2000, saboda haka abin da zan faɗa daga bakin Mama na ji. A cikin gidaje goma sha huɗun, biyar na Kiristoci ne, tara na Musulmi. Kafin shekarar ta ƙare Kiristocin biyar duk sun haye kogi. Babanmu ya so mu bi su, Kaka ta ce ita ba inda za ta, a nan ta binne mijinta. A cikin taran ma wasu suka tashi, waɗanda suka maye gurbinsu mutane ne da aka ƙona wa gidaje a kudu, sun zo da nasu ciwon, ba su san mu ba, ba mu san su ba.

Kirsimetin 2000 ya faɗo ne a kwanakin ƙarshe na azumi, Ƙaramar Sallah ta biyo bayansa da kwana biyu ko uku. Mama ta ce ta yi mako guda tana kallon tukunyar nan, ta rasa ko ta sauke ta ko ta bar ta. Idan ta aika aka dawo da shi fa? Idan aka ce an sa wani abu a ciki fa? Ana saura kwana uku sai ga Hajiyar da muke katanga ɗaya ta shigo da turminta a ka. Ta ce, Maman yara, shiru nake ji, bana ba za a yi cincin ba ne? Suka zauna suka murza fulawa, Hajiya da azumi a bakinta ko ɗanɗanawa ba ta yi. Ranar Kirsimeti Mama ta jinkirta girkin rabo zuwa la'asar, aka fita da kwanuka dab da magariba don su dace da buɗa-baki. Bakwai aka aika. Shida suka dawo da dabino ko ƙosai a ciki, don a al'adar layinmu kwano ba ya komawa gida wayam. Ɗaya ya dawo da abincinsa ba a buɗe ba.

Ina so in tsaya a kan wannan ɗayan, don a nan matasa irinmu ke saurin yanke hukunci. Mama ba ta yi fushi ba. Ta ce mai gidan ya aiko da godiya, ya ce malaminsa ya hana shi cin abincin bikin da ba na addininsa ba. Gaskiya ne malaman Musulunci sun saɓa a kan wannan, wasu sun halatta karɓa, wasu sun hana. A ɓangarenmu ma na san Kiristocin da ba sa cin naman layya. Abin da Mama ta yi shi ne, shekara ta zagayo, mako biyu kafin Kirsimeti, ta aika wa gidan da mudu biyu na ɗanyar shinkafa da kaza mai rai, ta ce kyautar maƙwabtaka ce. Suka karɓa. Har yau haka ake yi da su, kuma su ne suka fara buga mana ƙofa a 2011 suka ce mu shigo wajensu mu kwana.

Shugabanni sun yi nasu ƙoƙarin. A watan Agustan 2002 malaman addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke jagorantar matasa masu gaba da juna, sun shafe shekaru suna aikin sulhu tare. Duk Kirsimeti kuna gani a labarai Musulmi na zuwa cocin Fasto Yohanna Buru a Sabon Tasha. Mu ma a ƙungiyance muna shirya taruka a otal, a yi jawabi, a ɗau hoto. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ni na san Malam na bakin masallaci ne saboda kaza, tun ina ɗan shekara bakwai. Ɗan ƙanwata da aka haifa a Gonin Gora ya kai shekara tara bai taɓa sallama a zauren Musulmi ba. Abokina na jami'a ɗan Rigasa ya ce mini ni ne Kirista na farko da ya taɓa cin abinci a gidansu. Yaran da ba a taɓa aikensu da kwano ba, su ne ake iya gaya wa komai game da mutanen ƙetaren kogi su yarda.

Yanzu kuma ga tsada ta shigo cikin maganar. An rufe iyakoki a Agustan 2019, an cire tallafin mai a Mayun 2023, a ƙarshen 2024 buhun shinkafa ya doshi naira dubu ɗari. Wanda ya je Bakin Dogo sayen tumatir da tattasai, ko Kawo ranar Talata, ya san abin da nake faɗa. Mama ta koma adashi tun watan Janairu, tana busar da tumatir lokacin da ya yi araha, kaza huɗu sun koma biyu. Daga bakwai ɗin can, mutuwa da ƙaura suka mayar da mu huɗu, kuma ta ce ko gaya za a ci a gidan, huɗun nan sai sun fita.

Roƙona ga masu sauraro ɗan kaɗan ne. Idan kina gyaran kicin a makon nan, 'yar'uwa, ki wanke kwano ɗaya na ƙari. Ki tambayi maƙwabta abin da suke ci da wanda ba sa ci, tambaya ba ta rage mutunci. Wanda ba ya karɓar dafaffe a kai masa ɗanye. Kuma yaro za a aika, ya koyi sallama a ƙofar da ba irin tasu ba. Ku kuma 'yan'uwa Musulmi, ranar Sallah a tuna da mu da muka rage a wannan gefen, da danginku da suka rage a wancan. Masu lissafin wata sun ce a 2033 Ƙaramar Sallah za ta sake faɗowa dab da Kirsimeti. Ina fatan shekarar ta same mu da masu kai kwano.

Ni dai kafin in fito na saɓa wa Mama kaɗan, biyar na wanke. Akwai sababbin 'yan haya da suka tare a ƙarshen layi, 'yan Birnin Gwari ne, ba wanda ya shiga ya yi musu barka da zuwa. Mama ta kalli kwanon, ta ce, to, kai za ka kai, kuma kai za ka sayo kazar. Na yarda.

Nan za mu dakata a shirin yau. Masu bikin Kirsimeti, Allah ya kai mu lafiya, masu tafiya gida Allah ya tsare hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.