Katin Inshora Biyu a Gida Ɗaya: Tarihin Ƙa'idar Wanda Zai Fara Biya a Amurka

Mai karatu, idan kana zaune a Amurka, ko kana da ɗan'uwa da ya yi aure yake aiki a can, akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da takardun asibiti: shin kana da wata inshorar lafiya ban da wannan? Ma'aurata da yawa da ke aiki su biyu sukan amsa da farin ciki, suna zaton kati biyu zai ɗauke musu kowane kwabo na magani. Sai takardar biyan kuɗi ta iso gida sannan su gane cewa kamfanonin inshora suna da tsarin da ya fayyace wanda zai fara biya, da wanda zai biyo baya, da iyakar abin da na biyun zai bayar. Wannan tsari yana da tarihi, kuma waiwaye adon tafiya ne: wanda ya san yadda aka gina shi zai fi sanin yadda zai kare iyalinsa.

Labarin ya soma ne a shekarar 1929 a birnin Dalas na jihar Teksas. Asibitin Jami'ar Baylor yana fama da marasa lafiyar da ba sa iya biyan kuɗin jinya, cikinsu har da malaman makaranta. Wani jami'in jami'ar, Justin Ford Kimball, wanda ya taɓa shugabantar makarantun birnin, ya kawo shawara: kowane malami ya riƙa biyan santi 50 a wata, asibiti kuwa ya ɗauki nauyin kwanciyarsa har kwana 21 a shekara. Malamai fiye da dubu suka shiga. Daga wannan dabara ne tsarin Blue Cross ya samo asali. Abin lura shi ne, tun daga ranar farko an ɗaura inshorar ne a wuyan aiki, domin ta hanyar sana'arsu aka tara waɗanda suka shiga.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara ƙulla wannan igiya. A 1942 gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi don daƙile hauhawar farashi, ga shi kuma masana'antu suna neman ma'aikata ido rufe. A 1943 hukumar da ke kula da ƙwadago a lokacin yaƙin ta amince cewa ba za a lissafa inshorar lafiya cikin albashin da aka taƙaita ba, sai kamfanoni suka mai da ita abin jawo ma'aikata. Shugaba Harry Truman ya nemi kafa inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya a 1945, amma ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙi shirin har ya bi ruwa. A 1954 dokar haraji ta tabbatar da cewa kuɗin da kamfani ya biya wa ma'aikacinsa na inshora ba za a cire masa haraji a kai ba. A 1940 waɗanda ke da inshorar asibiti ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, amma zuwa 1950 sun kai kusan rabi.

Waɗanda suka tsara wannan gini sun ɗauka cewa a kowane gida mutum ɗaya ne ke fita aiki, wato maigida, matarsa da 'ya'yansa kuwa suna ƙarƙashin katinsa. A 1950 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan aure ne ke aikin albashi ko nemansa. Zuwa 1980 adadin ya kai kusan rabi. Nan fa gidaje masu yawa suka wayi gari da inshora biyu, miji ya sa matarsa a tasa, ita ma ta sa shi a tata, yara kuma suna cikin duka biyun. Idan babu ƙa'ida, ɗaya daga cikin abu biyu zai faru: ko dai kamfanoni biyu su biya kuɗin jinya ɗaya har iyali su karɓi fiye da abin da aka kashe, ko kuma kowane kamfani ya tura majinyaci wajen ɗan'uwansa.

Kamfanonin suka fara sanya sharuɗɗan daidaita biyan kuɗi a cikin yarjejeniyoyinsu, sannan a farkon shekarun 1970 ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohin Amurka ta fitar da ƙa'idoji na bai ɗaya waɗanda jihohi suka yi ta kwaikwaya. Ginshiƙansu biyu suna nan har yau. Na farko, inshorar da ka samu daga wurin aikinka ita ce za ta fara biya maka, ta matarka kuwa ita ce ta biyu a wajenka. Ita ma tata ce ta farko a wajenta. Ba ku ne za ku zaɓa ba, ko da ɗayar ta fi kyau. Na biyu, abin da kamfanonin biyu za su biya a haɗe ba zai wuce kuɗin jinyar da aka amince da shi ba.

Batun yara ya fi sarƙaƙiya. Tsohuwar ƙa'ida ta ce inshorar uba ce ta farko, ko da ta uwa ta fi ta inganci. Da aka ga wannan fifiko ne na jinsi, sai a tsakiyar shekarun 1980 aka maye gurbinta da ƙa'idar ranar haihuwa. Ana duba wata da rana ne kawai, ba a kallon shekara: cikin iyayen biyu, wanda ranar haihuwarsa ta riga zuwa a kalanda, inshorarsa ce za ta fara biya wa yara. Uwar da aka haifa a watan Maris tana gaba da uban da aka haifa a Satumba, ko da ya girme ta da shekara goma. Idan ranar ta zo ɗaya, sai a bi inshorar da ta fi daɗewa. Idan aure ya mutu, hukuncin kotu ake fara dubawa, in babu shi sai a fara da inshorar wanda yaron ke hannunsa. Wannan ƙa'ida ta kawar da fifikon uba, amma ta bar wani rami: idan inshorar da kalanda ta zaɓa ita ce mai rauni, kuma aka sa jariri a duka biyun, ita ɗin ce dai za ta fara biyan kuɗin jinyarsa.

Ka kuma sani cewa inshora ta biyu ba kullum take cike giɓi ba. A ɗauki misali da jinyar dala 1,000, wadda inshorar farko ta biya 800. A tsarin da aka saba, ta biyun tana iya biyan ragowar 200. Amma wasu yarjejeniyoyi suna da sharaɗin hana maimaita biya: kamfanin na biyu zai lissafa abin da da zai biya in shi ne na farko, ya debe abin da aka riga aka biya. Idan shi ma 800 zai biya, to ba zai ba da ko sisi ba, ga shi kuwa kun sha biyan kuɗin wata-wata na kati biyu. Bugu da ƙari, manyan kamfanoni da yawa suna biyan jinyar ma'aikatansu daga asusunsu, kuma dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA ta fitar da irin waɗannan shirye-shirye daga ƙarƙashin dokokin inshora na jihohi. Don haka takardar yarjejeniyar wurin aikinku ce ke da maganar ƙarshe.

Dokokin da suka biyo baya sun buɗe wa ma'aurata ƙofofi, kowace da wa'adinta. Dokar COBRA, wadda aka sa wa hannu a 1986, ta bai wa wanda ya rasa inshora saboda saki ko rasuwar abokin aure damar ci gaba da ita har wata 36 a kamfanoni masu ma'aikata 20 ko fiye, da sharaɗin shi zai biya cikakken kuɗin, kuma a batun saki dole a sanar cikin kwana 60. Dokar HIPAA ta 1996 ta ba da aƙalla kwana 30 bayan aure ko haihuwa don shigar da sabon mutum inshorar wurin aiki ba tare da jiran lokacin rajista na shekara ba. Dokar 2010 da aka fi sani da Obamacare ta bar 'ya'ya a inshorar iyayensu har shekara 26, ta kuma kafa kasuwar inshora inda sababbin ma'aurata ke da kwana 60 na rajista. Sai dai ta wajabta wa manyan kamfanoni su tanadar wa ma'aikaci da 'ya'yansa inshora, ba ta ambaci matarsa ko mijinta ba. A 2013 kamfanin UPS ya sanar da cire ma'aurata kusan 15,000 waɗanda ke iya samun inshora a wuraren aikinsu, wasu kamfanoni kuma suna ƙara kuɗi na musamman kan irin waɗannan ma'aurata.

Tsufa ma yana da nasa lissafin. Wanda ya kai shekara 65 ya shiga Medicare, shirin gwamnati da aka kafa a 1965, alhali yana cikin inshorar matarsa da ke kan aiki, to girman kamfanin ake dubawa. Idan ma'aikatansa sun kai 20, inshorar aiki ce ta farko; idan ba su kai ba, Medicare ce ke gaba.

To, mai karatu, hanya uku ce a gabanku: kowa ya tsaya a inshorar wurin aikinsa, ko ku haɗu a guda ɗaya, ko ku riƙe biyu. Riƙe biyu yakan amfani gidan da ke da mai ciwon da ke cin kuɗi kowane wata, ko inda ƙara mutum a kati ba ya da tsada. Ga masu ƙoshin lafiya kuwa, sau da yawa kuɗin wata-wata na kati na biyu ya fi abin da zai mayar. Kafin ku yanke shawara, ku zauna tare ku tara kuɗin shekara na kowace hanya, ku duba kason da za ku biya daga aljihu kafin inshora ta fara aiki, ku tabbatar likitanku yana cikin jerin waɗanda kamfanonin biyu suka amince da su, sannan ku tambayi ofishin ma'aikata ko akwai sharaɗin hana maimaita biya. Idan kun riƙe biyu, ku sanar da kowane kamfani labarin ɗayan, ku kuma nuna wa asibiti katunan duka, domin ɓoye ɗaya yana iya sa a dakatar da biya ko a nemi a mayar da kuɗin da aka riga aka bayar. Masu jiran haihuwa su duba ranakun haihuwarsu tun cikin yana ƙarami, su san inshorar da za ta fara ɗaukar jaririn. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aka kwantar da mutum a asibiti ba ranar karanta yarjejeniya ba ce.