Magic: Ƙungiyar 'Yan Matan Ƙasar Makiyaya

A 2024 ƙungiyar netbol ta Waikato Bay of Plenty Magic ta cika shekara 25 da kafuwa. Tun lokacin nake da niyyar ba da labarinta, ko da yake na san da yawa cikinmu ba su taɓa kallon wasan ba, balle su san wata ƙungiya da ke can Niyuzilan, bayan Ostireliya. Ni dai tun da na fara bin wasanninta ta intanet ta shiga raina, kuma har yau ba ta fita ba.

Netbol ƙanwar ƙwallon kwando ce. A Ingila aka gyara ta a shekarun 1890 domin 'yan mata, ta bi jiragen ruwan Turawan mulki ta bazu. Mutum bakwai-bakwai ake yi, zango huɗu na minti 15. Ba a gudu da ƙwallo, ba a tafiya ana buga ta a ƙasa, kuma wadda ta cafke ta ba za ta riƙe fiye da daƙiƙa uku ba. Zoben yana bisa sanda mai tsawon mita 3.05, babu allo a bayansa da zai taimaki mai jifa. Kowace 'yar wasa tana ɗauke da haruffa a ƙirji masu nuna iyakar inda ƙafarta za ta taka, kuma mutum biyu kaɗai aka yarda su jefa a zobe. Komai gwanintar mace, ba ta isa ta ɗauki ƙwallo daga wannan ƙarshe ta kai wancan ita kaɗai ba. Dole sai hannu ya miƙa wa hannu. A Niyuzilan babu wasan da mata suka runguma kamarsa.

Waikato ƙasar makiyaya ce: ciyawa kore shar, shanun tatsa ko'ina, ga kogin Waikato mai tsawon kilomita 425 ya ratsa birnin Hamilton ya wuce ta Ngaruawahia, inda fadar sarautar Mawori take. Idan ka haye tsaunukan Kaimai ka gangara gabas sai ka faɗa Bay of Plenty, wato gaɓar yalwa, sunan da James Cook ya raɗa mata a 1769. Can akwai tashar jiragen ruwa ta Tauranga, da gonakin kiwi na Te Puke, da Rotorua inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ba Auckland ba ce, ba Wellington ba. Garuruwa ne matsakaita da ƙauyuka.

Da aka buɗe gasar ƙasa ta Coca-Cola Cup a 1998, kowane yanki ya shiga da tasa ƙungiyar: Waikato da Wildcats, Bay of Plenty da Magic. Shekara ɗaya kacal suka yi a haka. A 1999 aka haɗe su wuri ɗaya, aka sa sunan Waikato a gaba, aka bar wa mutanen gaɓa sunan Magic. Duk wanda ya san yadda maƙwabta ke ja-in-ja kan suna da tuta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Waɗanda suka zauna suka yanke wannan shawara, mata da maza masu hidimar wasa a garuruwansu, su ne iyayen ƙungiyar na gaskiya, ko da ba a rataya hotunansu a bango ba. Sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma alkawarin haɗuwar bai tsaya a takarda ba, domin ƙungiyar ta riƙa kai wasanninta na gida Hamilton da Tauranga da Rotorua, kowa ya ga 'ya'yansa a ƙofar gidansa.

Shekarun farko na koyo ne. A lokacin Southern Sting ta Invercargill ce ke cin karenta babu babbaka, ta ɗauki kofi sau shida a jere daga 1999 zuwa 2004. Ruth Aitken ta riƙe Magic na ɗan lokaci kafin a ɗauke ta ta horar da Silver Ferns, ƙungiyar ƙasa. Sai aka miƙa ragama ga Noeline Taurua, 'yar ƙabilar Mawori, wadda ita ma ta taɓa buga wa ƙasarta. A nan labari ya sauya.

Taurua ta tara mata uku da har gobe ba a ambaton Magic sai da su. Ta farko Irene van Dyk, haifaffiyar Afirka ta Kudu, wadda ta kai ƙasarta wasan ƙarshe na gasar duniya a 1995, ta koma Niyuzilan a 2000, ta shigo Magic a 2003. Tsawonta mita 1.90. Ka gan ta a ƙarƙashin zobe: ta kafa ƙafafu, ta sa mai gadinta a bayan kafaɗa, ta ɗaga hannu ɗaya alamar a jefo. Ƙwallo ta zo daga sama, ta cafe ta inda hannun kowa bai kai ba, ta juyo, ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ta saki. Cikin goma da wuya ta zubar da fiye da ɗaya, kuma ko an ture ta ta faɗi, da murmushi take tashi. Ta buga wa Afirka ta Kudu wasa 72, Niyuzilan 145.

Sauran biyun 'yan gida ne, kuma wannan ne ya fi yi mini daɗi. Laura Langman ta tashi a ƙauyen Te Pahu, kusa da Hamilton. Ita ce 'yar tsakiya mai doguwar safa har ƙauri, wadda ke gudu a minti na 60 kamar yanzu aka busa usur. Casey Williams, wadda ta zama Casey Kopua bayan aure, daga wajen Matamata ta fito. Mai tsaron baya ce. Takan bar abokiyar karawarta ta zaci an manta da ita, sai an saki ƙwallo ka ga doguwar mace ta ratso iska ta fizge ta. Tun suna 'yan mata ƙanana Taurua ta jefa su cikin manya, ba ta jira a ce sun nuna ba.

A 2005 aka gamu da Sting a wasan ƙarshe, Magic ta lallasa ta 65 da 39. Aka ce sa'a ce. A 2006 aka sake haɗuwa, aka tashi 67 da 43. Daga nan bakin kowa ya mutu.

A 2008 Niyuzilan da Ostireliya suka haɗa gasa ɗaya, ANZ Championship, kowace ƙasa da ƙungiya biyar. Dole aka rage ƙungiyoyin Niyuzilan daga takwas. Sting da Otago Rebels suka zama Southern Steel, na Auckland biyu suka zama Northern Mystics, wasu biyu suka zama Central Pulse, ta Canterbury ta sauya suna. Magic kaɗai ta shiga da sunanta da mutanenta yadda take, domin ita ta riga ta yi tata haɗuwar shekara tara kafin nan. A kakar farko ta gama a saman tebur, ta faɗi a wasan ƙarshe hannun New South Wales Swifts 65 da 56. A 2010 ta sake kaiwa, Adelaide Thunderbirds ta doke ta 52 da 42. Aka yi ta surutu cewa ga taurari amma babu kofi. Ni ban ga adalci a wannan magana ba. Masu yin ta sun manta cewa cin wasa a ƙasar Ostireliya ya gagari kusan kowace ƙungiyar Niyuzilan a wancan zamani, kuma sau biyun nan Magic ce kaɗai ta tsaya wa ƙasar tata har ƙarshe.

Sai 2012, shekarar da ba a mantawa. An faro kaka da faɗuwa huɗu a jere. Huɗu! A gasa mai wasa 13 kafin zagayen ƙarshe, wannan kusan an gama da kai ke nan. Taurua ba ta watsa 'yan wasanta ba, Langman na riƙe da kyaftin, Leana de Bruin, wata 'yar Afirka ta Kudun, na tare da Williams a baya. Suka ci na biyar, suka ci na shida, daga nan ba su sake faɗuwa ba. Sun fitar da Thunderbirds da tazarar ci ɗaya tak. Sun fitar da Mystics sai da aka shiga ƙarin lokaci. Ranar 22 ga Yuli suka tarar da Melbourne Vixens a gidanta, gaban dubban mutanenta. Vixens ce a gaba lokacin da aka shiga zango na ƙarshe. Daga nan masu tsaron baya suka fara ƙwace ƙwallo, Langman na kai ta gaba, van Dyk na zubawa, tana da shekara 40 a duniya. Aka tashi 41 da 38. Nasara 12 a jere, kuma de Bruin ce gwarzuwar wasan. A shekara tara da aka yi ana wannan gasa, babu wata ƙungiyar Niyuzilan da ta ɗaga kofin sai Magic, kuma babu kakar da ta rasa gurbi a zagayen ƙarshe.

Bayan 2013 Taurua ta sauka, van Dyk ta tafi Pulse, Langman ta tafi Mystics. Julie Fitzgerald, wadda ta doke su da Swifts a 2008, ita ta zo ta karɓa, ta ci musu rukunin Niyuzilan na gasar a 2015 da 2016. Da ƙasashen biyu suka raba gari aka kafa ANZ Premiership a 2017, kofi bai sake zuwa ba tukuna. Ban ɗauki wannan abin kunya ba. Gidan da ya aurar da manyan 'ya'yansa kusan lokaci ɗaya dole ya jira ƙanana su tasa, ga kuɗin gasar Ostireliya na jan ƙwararru, ga annobar korona da ta rufe filaye a 2020.

Wanda ke son sanin amfanin Magic ya dubi Liverpool a 2019. Niyuzilan ta doke Ostireliya 52 da 51 ta ɗauki kofin duniya. Mai horarwa Taurua ce, kyaftin Langman ce, Kopua kuma a wannan wasa ta yi sallama da fili. Duka ukun a gida ɗaya aka gasa su.

Shi ya sa nake ganin masu tallafi da hukumar wasan bai kamata su auna ƙungiyar nan da teburin kaka ɗaya ba. Idan ta raunana, yarinyar da ke Te Puke ko Tokoroa sai ta bar iyayenta ta nufi babban birni kafin a ga baiwarta, kuma ba kowace ce za a bari ta tafi ba. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da sanyin can ke tsananta, filayen Minogue Park na Hamilton kan cika tun da safiyar Asabar: yara 'yan firamare da haruffa a ƙirji, iyaye a gefe da kofin shayi, usur na tashi ta ko'ina. Daga irin waɗannan filaye Langman da Kopua suka fito, kuma tazarar da ke tsakanin wurin da zauren Claudelands, inda Magic ke wasa, tsallaken kogi ce kawai.