Ƙullutun Ƙwauri Mai Zafi: Abin da Ke Kawo Shi da Abin da Ya Kamata a Yi

 A shafin lafiya na wannan karon mun ɗauko wani ciwon fata da likitoci ke kira eritima nodosum. Kalma ta farko Girkanci ce, ma'anarta ja, ta biyun kuma Latin ce, ma'anarta mai ƙulli-ƙulli. Mu a nan za mu kira shi ƙullutun ƙwauri, domin a gaban ƙwauri ya fi fitowa. Wani likitan fata ɗan Ingila mai suna Robert Willan ne ya fara bayaninsa a rubuce a shekarar 1798.

Dalilin da ya sa muka ga ya cancanci a yi dogon bayani a kansa shi ne, ƙullutun kansa ba ya kisa, kuma yakan baje da kansa. Amma sau da yawa ɗan aike ne. Akwai wani abu a cikin jiki da ya turo shi, kuma abin nan yana iya zama ciwon maƙogwaro da ya wuce makonni biyu baya, yana iya zama tarin fuka da bai fara tari ba tukuna.

Yadda yake

Mutum yakan fara jin kasala da ɗan zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, musamman idon sawu da gwiwa. Bayan 'yan kwanaki sai ƙullutai su taso a gaban ƙwauri, yawanci a ƙafafu biyun. Girman kowane ɗaya daga santimita 1 zuwa 5 ne, wato daga kamar ƙwayar gyaɗa zuwa kamar lemun tsami, wani lokaci su haɗe su zama faffaɗan kumburi. Suna da tauri da ɗumi, kuma suna da zafin taɓawa ƙwarai, har bakin zani ko ƙafar wando idan ta goge su sai mutum ya ji. Nan da can sukan fito a cinya ko a hannu.

Littattafan likitanci suna cewa ƙullutun ja ne, daga baya ya koma shuɗi-shuɗi, ya koma ruwan ɗorawa kamar wurin da jini ya kwanta. A farar fata ke nan. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fita sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya fi sauran fata duhu, ya yi sheƙi, kuma hannu ya fi ido gane shi. Wannan ne ya sa wanda ya duba hotuna a intanet yakan ce nasa ba irin wannan ba ne.

Alamomi biyu ne suka fi raba shi da sauran ƙuraje. Ba ya yin baki ya fashe ya fitar da mugunya kamar maruru, kuma idan ya warke ba ya barin rami ko tabon gyambo, sai dai duhun fata da kan ɗauki watanni kafin ya washe. Kowane ƙullutu yakan yi kamar mako biyu, wasu na bajewa wasu na tasowa, gaba ɗaya ciwon ya ɗauki mako uku zuwa shida, wani lokaci takwas. Ya fi kama mata 'yan shekara 20 zuwa 40, sun ninka maza sau da yawa. A yara ƙanana kuwa maza da mata kusan ɗaya ne. Ba a ɗaukarsa ta hanyar taɓawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko yin alwala da buta ɗaya.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata

A ƙarƙashin fata akwai shimfiɗar kitse, an rarraba ta ɗaki-ɗaki da siraran bangaye waɗanda jijiyoyin jini ke bi ta cikinsu. Idan garkuwar jiki ta yi arba da wata ƙwayar cuta ko wani magani, wani lokaci takan wuce gona da iri, kumburin faɗan ya sauka a waɗannan bangaye. Babu ƙwayar cuta a cikin ƙullutun kansa, shi ya sa ko an tsaga shi ba abin da zai fito sai jini. Ana ganin ƙwauri ya fi shan wahala ne saboda jini yana wahalar hawowa daga ƙafa, wurin kuma ya fi sauran jiki sanyi. Wannan ya dace da abin da masu ciwon ke faɗa: zafin yakan ƙaru da yamma bayan doguwar tsayuwa. 'Yan'uwanmu mata masu sayar da waake da koko, da masu tsayuwa a Kejetia ko kasuwar Nima tun safe har magariba, su ne za su fi jin jiki.

Masu turo shi

A kusan rabin masu ciwon, ko an yi duk gwaje-gwaje ba a gano dalili, kuma su ma suna warkewa. A sauran rabin, ga waɗanda aka fi samu.

Na farko, musamman a yara da matasa, ciwon maƙogwaro ne na ƙwayar sitreptokokus. Ƙullutun yakan biyo baya da mako biyu zuwa uku, lokacin da an riga an manta da maƙogwaron. Ya kamata iyaye su riƙe wannan, domin wannan ƙwayar ce kuma ke kawo zazzaɓin gaɓɓai da ke lalata ƙofofin zuciyar yara. Maganinta mai sauƙi ne, fenisilin na kwana 10, a sha shi har ƙarshe.

Na biyu shi ne tarin fuka, kuma a wurinmu shi ne abin da ya fi muhimmanci a bincika. A Turai ya ja baya a jerin dalilai, amma a unguwanninmu inda mutum shida ko bakwai ke kwana ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, ba a cire shi daga lissafi. Ƙullutun yakan fito ne a farkon shigar ƙwayar cikin jiki, tun kafin tari ko rama. Idan yaro ya fito da shi, tambayar da za a yi ita ce: wa ke tari a gidan nan? Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati a Ghana, kuma maganin na wata shida ne.

Akwai wata cuta mai suna sakoyidosis da ke kumbura kaluluwar cikin ƙirji. Idan ta zo tare da ƙullutun ƙwauri da kumburin idon sawu da zazzaɓi, ana kiranta da sunan likitan Suwidin da ya yi bayaninta, Sven Löfgren, kuma wannan nau'in yakan warke lafiya. A hoton ƙirji tana iya kama da tarin fuka, don haka aikin likita ne ya raba su.

Sauran sun haɗa da ciki, da ƙwayoyin tazarar haihuwa, da cututtukan hanji masu kawo gudawa kamar salmonela, da ciwon kumburin hanji mai daɗewa, da ciwon hanta nau'in B. A cikin magunguna, dangin salfa ne suka yi suna, irin su Septrin da Fansidar, sai fenisilin. Mai ciki da ake ba Fansidar a wurin awo don kariya daga zazzaɓin sauro, idan ta ga ƙullutu ta nuna wa ungozomar asibiti kafin ta sha na gaba, ita za ta yanke shawara. 'Yan'uwanmu da ke Amurka, waɗanda ke zaune ko tuƙa manyan motoci ta Arizona da Kalifoniya, su sani akwai wata cutar huhu da ake shaƙa a ƙurar can wadda ta shahara da kawo wannan ƙullutu. A tsiraru ƙwarai, sankarar jini ce ko ta kaluluwa ke ɓoye a baya.

Maganar rigakafi

Mun san nan ne hankalin mutane da yawa yake, kuma za mu faɗi abin yadda yake. E, likitoci sun rubuta rahotannin mutanen da ƙullutun ƙwauri ya fito musu bayan allurar rigakafi: ta ciwon hanta nau'in B, ta BCG, ta taifot, ta cizon mahaukacin kare, da kuma ta korona. Ba abin mamaki ba ne, tunda aikin rigakafi shi ne ya tayar da garkuwar jiki, ciwon nan kuwa na garkuwar da ta zarce ne. Yakan fito cikin kwanaki zuwa makonni kaɗan bayan allurar, ya baje kamar yadda sauran ke bajewa.

Sai dai a duba yawan. Rahotannin na mutum ɗai-ɗai ne a cikin miliyoyin allurai. Ghana ce ƙasar farko da ta karɓi rigakafin korona ta shirin COVAX, allurai 600,000 a ranar 24 ga Fabrairu 2021, kuma an yi miliyoyi bayan nan. Cututtukan da ake yi wa rigakafin, irin su ciwon hanta da korona, su ma da kansu suna kawo ƙullutun, ga kuma sauran ɓarnar da suke yi. A ganinmu, hana yaro zuwa awo ko ƙin allurar sanƙarau da ake buƙata kafin aikin Hajji saboda tsoron ƙullutun da ke bajewa cikin makonni, gudun ƙaramin abu ne a faɗa babba.

Haɗarin da muka fi tsoro ma wani ne daban. Mutum ya yi allura makon jiya, ƙullutu ya fito, kowa a gida ya ce allurar ce, a zauna. Alhali mai yiwuwa tarin fuka ne. Likitan kirki ba zai ɗora wa rigakafi laifi ba sai ya duba maƙogwaro da ƙirji. Idan an tabbatar allurar ce, a sanar da ma'aikatan wurin da aka yi ta, su kai rahoto ga Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, wadda ke da manhajar waya mai suna Med Safety da kowa zai iya amfani da ita. Maganar allura ta gaba kuma a bar wa likita.

Kada a haɗa wannan da ɗan kumburin da ke fitowa a daidai inda allura ta shiga, wanda ke wucewa cikin kwana biyu ko uku. Haka kuma ƙurjin BCG a kafaɗar jariri, da ke fitowa bayan makonni ya ɗan fashe ya bar tabo, alamar allurar ce da aka saba gani. A bar shi, kada a shafa masa komai.

Masu kama da shi

Gyambon Buruli, da ake samu a wasu yankunan Asante da kewayen Accra, shi ma da ƙullutu yake farawa, amma nasa ba ya zafi, kuma daga baya yakan fashe ya ci fata. Ƙullutu marar zafi ya fi mai zafi buƙatar gaggawa a waɗannan wurare, domin maganin mako takwas yana kashe ƙwayar idan an zo da wuri. Idan kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura gaba ɗaya da zafi da zazzaɓi mai ƙarfi, ƙwayar cuta ce ta shiga fata. Idan sha-raɓa ɗaya ce ta kumbura ta yi tauri bayan doguwar tafiyar jirgi ko haihuwa, yana iya zama gudan jini a jijiya, wannan kuwa a tafi asibiti a ranar.

Akwai kuma wanda ke fito wa masu kuturta mai yawan ƙwayoyi, sunansa ya yi kama da wannan amma ciwo ne daban. Ƙullutansa suna bazuwa har fuska da hannuwa, suna iya fashewa, suna taɓa jijiyoyi da ido. Yakan zo ana tsakiyar shan magani ko bayan an gama, sai mai shi ya ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba. Kada a daina sha. A koma inda ake karɓa, ko asibitin Ankaful kusa da Cape Coast wanda ya daɗe da ƙwarewa a wannan fanni.

A asibiti da a gida

Yawanci likita yana gane shi da ido da hannu. Aikin yana wajen neman dalili: gwajin maƙogwaro ko na jini don gano sawun sitreptokokus, hoton ƙirji, gwajin tarin fuka, gwajin ciki ga mace, gwajin bayan gida idan akwai gudawa. A tafi da duk magungunan da ake sha, har na gargajiya, da katin rigakafi. Ba kasafai ake yankar ɗan nama don gwaji ba, sai idan ƙullutun ya fito a wurin da ba a saba ba ko ya ƙi tafiya.

A gida, hutu ne babban magani. A kwanta a ɗora ƙafafu a kan matashi su fi ƙirji tudu, a riƙa sa tsumma mai sanyi, idan da hali a sa safar roba mai matse ƙafa lokacin da dole a tashi. Mun san ce wa mai neman na yau ta kwanta mako biyu magana ce mai nauyi. Ko kujera da ɗan benci na ɗora ƙafa a wurin sana'a yana rage zafin. Wanda durƙuso da zaman tahiya ke yi wa wuya saboda ƙwauri, malamanmu sun bayyana cewa marar lafiya yana da sauƙin yin salla a zaune.

Farasitamol yana taimakawa. Ibufurofen ya fi shi aiki a kan kumburi, amma bai dace da mai ciki, da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko kumburin hanji ba. Idan ciwon ya yi tsanani ko yana dawowa, akwai wasu magunguna da likita ke rubutawa.

Abubuwa biyu muke roƙon a guje musu. Na farko tsaga da ƙaho da sakiya. Wanzami ba zai sami komai a ciki ba, kuma fatar gaban ƙwauri ba ta da nama sosai, rauni a wurin yana saurin zama gyambo, balle ga mai ciwon suga. Na biyu sayen deksametason ko firednisolon a kemis. Suna kwantar da ƙullutun cikin kwana biyu, mutum ya ji daɗi, amma suna danne garkuwar jiki, idan akwai tarin fuka a ɓoye sai ya samu fili ya bazu. Likita ma ba ya ba da su sai ya tabbatar ƙirji lafiya.

A koma asibiti ba tare da jira ba idan ƙullutu ya fashe, ko ya wuce mako takwas, ko ya tafi ya dawo, ko kuma ya zo da tarin da ya kai mako biyu, gumin dare, rama, jini a bayan gida, gyambon baki mai yawan dawowa, ko jan ido mai zafi.